Asalin Rubutu a Kwamfutarka, Kwafi a Intanet

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

Shirin yau na masu alƙalami ne: malamin makaranta da ke sa darasi a intanet, marubuciyar da ke fitar da labarinta babi-babi, ɗan jarida mai zaman kansa, sakataren ƙungiyar ci gaban gari, da duk wanda ya buɗe wa kansa shafi yana wallafa abin da ya sani. Abin da za mu tattauna shi ne inda ake yin rubutun kafin ya fita. A cikin shafin kai tsaye, ko a wata manhaja da ke zaune cikin kwamfutarka? Da ji kamar ƙaramar magana ce, amma a kanta wasu suka yi asarar aikin dare guda, wasu kuma aikin shekaru. Ku gyara zama, mai biro da takarda ya kusanto da su, don akwai lambobi da sunaye da za ku so ku riƙe.

Hanyar da kowa ya saba da ita ita ce ta burauza. Ka buɗe Chrome ko Firefox, ka shiga WordPress ko Blogger ko Facebook, ga akwatin rubutu, ka hau bugawa. Kalmomin suna gabanka, amma ma'ajiyarsu tana can a sabar kamfanin, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafin, wataƙila a Amurka ko Turai. Lokaci-lokaci shafin yakan tura abin da ka rubuta can don a adana, kuma wannan turawa sai da netwok. In sabis ya yi ƙasa, ko data ta ƙare ba ka ankara ba, kai dai kana ta zuba rubutu kana ganin komai lafiya lau. Ka gama, ka danna maɓallin wallafawa, abin ya yi ta juyawa, daga nan ya ce ka sake shiga da kalmar sirri. Ka shiga, ka tarar da sakin layi biyu na farko kaɗai. Wasu shafukan sukan ajiye kwafin wucin gadi a cikin burauzar, to amma rufe ta ko mutuwar kwamfuta na iya tafiya da shi.

Hanya ta biyu ita ce ka sa manhajar rubutu a kwamfutarka, ta tebur ce ko ta tafi-da-gidanka. Ka yi rubutunka ko da babu ɗigon data, ka adana shi a matsayin fayil a cikin na'urarka, ka karanta, ka gyara, ka sa hotuna. Sai komai ya kammala za ka kunna data na 'yan mintuna, manhajar ta ɗauki kwafi ta miƙa wa shafin. Asalin yana nan wurinka. Wannan shi ne ƙashin bayan shirinmu na yau, duk sauran bayanin a kansa zai rataya.

To yaya manhajar da ke kan teburinka take magana da shafin da ke wata nahiya? Abin ya samo asali tun ƙarshen shekarun 1990. A 1998 wani masanin manhaja ɗan Amurka, Dave Winer, tare da injiniyoyin Microsoft, suka fito da wata ƙa'ida mai suna XML-RPC, wadda ke ba kwamfuta damar aika wa wata kwamfutar umarni ta intanet. A 1999 wani ƙaramin kamfani a San Francisco, Pyra Labs, ya buɗe Blogger, wanda Google ta saye a 2003. A 2001 Blogger ya buɗe ƙofa bisa waccan ƙa'ida, ta yadda manhajar waje za ta iya turo rubutu. Sai dai ƙofar ta yi ƙunci, ko gurbin kanun rubutu ba ta da shi. Shi ya sa a 2002 Winer ya faɗaɗa ta da wani tsari mai suna MetaWeblog, wanda ke ɗaukar kanu da rukuni da hotuna. Da Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da WordPress a 2003, shi ma ya bi wannan layi. A yau, bisa ƙididdigar W3Techs, sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kan WordPress suke, don haka za ku ji ina yawan ambatonsa.

Bari mu zauna gaban kwamfutar mu ga yadda abin ke gudana. Mu ɗauki manhajar Open Live Writer, wadda kyauta ce ga masu Windows. Ranar farko da ka buɗe ta, za ta tambaye ka irin shafin da kake da shi, sannan abu uku: adireshin shafin, sunan shigarka, da kalmar sirri. A wannan rana kam sai da data. Za ta leƙa shafin ta gano ƙofar da za ta bi, sannan ta nemi izinin sa wani ɗan rubutun gwaji ta goge shi nan take. Dalilin gwajin shi ne ta kwafo kamannin shafinka, launinsa da faɗinsa da zubin haruffansa, domin in kana rubutu ka riƙa ganin abin kamar yadda mai karatu zai gan shi. Daga nan kashe datarka. A sama akwai gurbin kanu, a ƙasa filin rubutu. Akwai inda za ka zaɓi rukuni, ko noma ne ko adabi ko lafiya, da inda za ka sa ranar da kake so rubutun ya fito. Hoto kuwa jawo shi za ka yi daga folda ka saki a inda kake so, ka rage girmansa, ka yanke gefensa.

In ka gama akwai maɓalli biyu, kuma a nan sabon shiga ke tuntuɓe. Ɗaya an rubuta masa Publish, shi ne mai fitar da rubutu duniya ta gani nan take. Ɗayan yana aika shi ne a matsayin daftari, ya zauna a ɗakin bayan shafin, ba mai ganinsa sai kai. Shawarata, ka riƙa aika daftari tukuna. Ka buɗe shi a wayarka, don yawancin masu karanta ka a waya za su karanta, ka duba ko hoton ya zauna daidai, ko sakin layi bai cure wuri guda ba, sannan ka sake shi. Gurbin ranar nan ma yana da amfani babba. Wanda ke ƙauyen da sai ranar kasuwa yake shiga gari ya samu sabis mai ƙarfi, zai iya rubuta darussa huɗu a gida, ya tura su a zama ɗaya, kowanne da ranar fitowarsa. Shafin ne zai riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana gona.

Ita kanta wannan manhaja tana da tarihin da ya kamata a ji. Asalinta Windows Live Writer ce. Microsoft ta sayi wani kamfani mai suna Onfolio a 2006, kuma ma'aikatansa ne suka fito da ita a gwaji a wannan shekara. Marubuta sun so ta ƙwarai, har waɗanda ba sa ga-maciji da Microsoft suna yaba mata. Amma zubinta na ƙarshe ya fito ne a 2012, daga nan kamfanin ya juya ga wasu ayyuka. A 2015 Google ta sauya tsarin shiga asusunta, masu Blogger suka wayi gari manhajar ba ta iya tura musu ko layi ɗaya. A watan Disamba na 2015 ɗin wasu ma'aikatan Microsoft, a matsayin aikin sa kai, suka samu izini suka saki lambobin ginin manhajar ga kowa, da sabon suna Open Live Writer, a ƙarƙashin gidauniyar .NET Foundation. Tsohuwar kuwa an daina tallafa mata a Janairun 2017. Sabuwar ma aikinta ya yi sanyi, sabuntawa ba ta zuwa akai-akai, don haka ka gwada ta da shafinka kafin ka jingina da ita.

Akwai wasu. Masu kwamfutar Mac suna da MarsEdit, wadda Brent Simmons ya fara, Daniel Jalkut ya karɓe ta a 2007 kuma yake ci gaba da kula da ita, sai dai ta kuɗi ce. Ulysses da iA Writer su ma suna tura rubutu zuwa WordPress. Hatta Microsoft Word, tun zubin 2007, tana da samfurin takarda na musamman don aika rubutu shafi, ko da yake yanzu ba kowane shafi ne ke amsa mata ba. Darasin da ke cikin wannan jerin shi ne manhaja tana da ranar haihuwa, tana da ranar ritaya. Don haka kafin ka tambayi wacce ta fi kyau, fara tambayar wacce za ta bar maka rubutunka a yanayin da zai buɗu ko bayan ta. Live Writer, da duk kirkinta, tana adana rubutu ne a wani irin fayil nata na kanta, wanda Word ko Notepad ba sa karanta shi yadda ya kamata. Fayil ɗin yana kwamfutarka, amma mabuɗinsa yana hannun manhajar. Za mu zo kan maganin wannan bayan ɗan hutu. Kada ku je ko'ina.

[Kiɗa na ɗan lokaci]

Barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kamo mu yanzu, muna magana ne a kan yin rubutu a manhajar kwamfuta kafin a aika shi intanet.

Wani zai ce, malam, ai manyan kamfanonin nan sun fi ni iya ajiya, me zai sa in wahalar da kaina? Gaskiya ne sun fi mu injuna. Amma ga abin da ya faru a zahiri. GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafukansu na farko, Yahoo ta rufe shi a Oktoban 2009. Windows Live Spaces na Microsoft ya rufe a 2011, aka ce wa masu shafi su kwashe kayansu zuwa WordPress. Posterous ya rufe a Afrilun 2013, bayan Twitter ta saye shi. Google+ ya rufe a Afrilun 2019. A watan Maris na 2019 ɗin MySpace ya amsa cewa kayan da aka ɗora masa tsawon shekaru sun salwanta wajen sauya saba, rahotanni suka ƙiyasta waƙoƙi kusan miliyan 50. A nan gida kuma, OkadaBooks, inda marubutan Nijeriya har da na Hausa ke sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Yawancinsu sun ba da sanarwa da wa'adin kwashe kaya, amma wanda bai duba imel ɗinsa ba a watannin nan, ko ya manta kalmar sirrinsa, sai dai ya ji labari. Shafin da ka buɗe a dandalin wani rumfar haya ce a kasuwa. Ka baje kolinka a ciki, amma ɗan kasuwa mai hankali ba ya mai da ita sito.

Ba rufewar kamfani ce kaɗai ke raba mutum da shafinsa ba. A Nijar, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, an katse intanet ɗin wayar salula kusan kwana goma. A Nijeriya an dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya matakin ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga wahalar sabis. A irin waɗannan ranaku, wanda rubutunsa ke cikin kwamfutarsa ya ci gaba da aikinsa yana jiran hanya ta buɗe. Wanda komai nasa ke kan shafi kuwa, ko karanta babin da ya rubuta jiya ba zai iya ba.

To mene ne maganin fayil mai kulle? Rubutu zalla, wanda ba a yi masa ado ba, irin wanda Notepad ke adanawa. Kowace kwamfuta da kowace waya tana buɗe shi, kuma littafi guda cur ba zai cika megabait ɗaya ba sai in ya yi kauri sosai. Za ka ce to kanu fa, da kalmomin da nake so su yi kauri? A 2004 wani marubuci ɗan Amurka, John Gruber, ya fito da wata dabara mai suna Markdown. In ka sa alamar nan ta tsani da ke kan madannan waya a farkon layi, layin ya zama kanu. In ka sa tauraro biyu gaban kalma da biyu bayanta, ta yi kauri. In ka fara layuka da ɗan karan ɗori, sun zama jeri. Shi ke nan, a zama ɗaya ake koyon abin da ake bukata. Manhajoji irin su Obsidian da iA Writer da wannan tsari suke aiki, kuma in ka kwafe irin wannan rubutu ka manna a WordPress na yanzu, shi da kansa yake mai da alamomin kanu da jeri. Ranar da manhajar ta yi ritaya, ka buɗe fayilolinka da wata.

Wanda ya ƙara ƙwarewa zai iya wuce nan, ya gina shafin gaba ɗaya a cikin kwamfutarsa. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Publii da ke aiki a Windows da Mac da Linux. A cikinta kake rubutu, a cikinta kake zaɓar kamannin shafi, ita kuma ta ƙera shafukan ta ɗora su inda ka yi hayar wuri. Jekyll da ya fito a 2008 da Hugo da ya fito a 2013 su ma haka suke, sai dai suna bukatar wanda ba ya tsoron buga umarni da hannu.

Yanzu ga abin da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa, wato haruffa masu ƙugiya: ɓ ta ɓera, ɗ ta ɗaki, ƙ ta ƙasa, da ƴ mai ƙugiya da 'yan'uwanmu na Nijar ke amfani da ita inda mu a Nijeriya muke sa waƙafin sama kafin y. A shekarun 1990, lokacin da kwamfutoci ba su san waɗannan haruffa ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa mai suna Rabi'at da kuma Abdalla, aka samu damar buga littattafai da takardun Hausa da ƙugiyoyinsu. Aiki ne da ya fitar da masu ɗab'i kunya. Dabarar zamanin ita ce a ari gurbin wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba, a zana musu siffar harafin. A takarda komai daidai. Amma da ka kwafe irin wannan rubutu zuwa intanet, inda mai karatu ba shi da wannan zubi a wayarsa, sai alamomin su koma asalinsu. Shi ya sa za ka ga wani rubutun Hausa a intanet, a gurbin ƙ ta ƙasa an ga wata baka mai lanƙwasa irin ta lissafi, a tsakiyar kalmar waɗanda an ga wata baka mai kusurwa. Ban da wahalar karatu, duk wanda ya nemi kalmar a Google ba zai faɗa kan rubutunka ba.

Abin da ya dace da intanet shi ne tsarin Unicode, inda kowane harafi yake da lambarsa ta dindindin. Ga masu biro: ƙ ƙarama lambarta 0199, ɗ ƙarama 0257, ɓ ƙarama 0253. A Word ko LibreOffice Writer, ka buga lambar, ka danne Alt ka taɓa X, sai lambar ta rikiɗe ta zama harafin. In harafin a tsakiyar kalma yake, ka ba da tazara kafin lambar, daga baya ka goge tazarar, don kada manhajar ta haɗa harafin baya cikin lissafi. Wannan na gaggawa ne. Mai rubutu kullum gara ya shiga saitin harshe na Windows ya ƙara allon madannai na Hausa, ko ya sauke manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, wadda kyauta ce. In kuma zubin haruffan da kake amfani da shi yana nuna ɗan akwati a gurbin ƙ, sauya zuwa wanda ya san su, kamar Charis SIL ko Andika. Wajen adana rubutu zalla, ka tabbata an zaɓi UTF-8. Notepad na Windows 10 ya koma yin haka da kansa tun 2019, amma tsofaffin zubi suna adanawa ne da wani tsari da zai iya cinye ƙugiyar ko ya mai da harafin alamar tambaya.

Sai batun hoto, wanda shi ne ke shan data. Hoton wayar zamani yakan kai megabait uku ko fiye, faɗinsa ya kai fiksel 4000, alhali filin rubutun yawancin shafuka bai kai rabin haka ba. Rage faɗin zuwa kamar 1200 a kwamfutarka kafin ka tura, da Paint ko GIMP ko manhajar rubutun kanta, za ka ga nauyin ya faɗo zuwa 'yan ɗaruruwan kilobait. Ka tsimi datarka sau ɗaya, ka tsima wa kowane mai karatu tasa. A kula kuma, waya takan liƙa wa hoto bayanin ranar da aka ɗauke shi, har da wurin in an kunna mata. Manyan shafukan sada zumunta sukan cire wannan daga abin da jama'a ke gani, amma shafin kanka zai iya barinsa. A Windows, danna hoton da maɓallin dama, shiga bayanansa, akwai inda ake goge su. 'Yan jarida da mata masu ɗora hoton sana'arsu daga cikin gida, wannan naku ne musamman.

Mu zo kan tsaro. Ƙofar nan ta XML-RPC a buɗe take a WordPress tun zubi na 3.5 da ya fito a Disamban 2012, kuma masu kutse sun gano cewa ta nan za su iya gwada kalmomin sirri bila adadin. Saboda haka kamfanonin da ke ba da hayar wurin shafi da yawa suna toshe ta. In manhajarka ta ce ta kasa haɗuwa da shafi alhali komai naka daidai ne, yawanci dalilin ke nan, sai ka tuntuɓi masu riƙe maka shafin. WordPress ya samar da sabuwar ƙofa a 2016, sannan a Disamban 2020, a zubi na 5.6, ya kawo kalmar sirri ta musamman don manhajoji. Daga shafin bayananka kake ƙirƙirar ta, harafi 24 ce, ka ba manhajar ita maimakon kalmar sirrinka ta ainihi. Ranar da aka sace kwamfutar, Allah ya kiyaye, ka shiga ta waya ka soke wannan kalma ɗaya, ɓarawo ya rasa hanya. Kada ka bar manhaja ta riƙe kalmar sirrinka a kwamfutar kafe ko ta ofis da kowa ke taɓawa. Kuma ka sauke manhaja daga shafin masu ita. Irin wadda ake fasa wa kulle a zuba maka a filas, sau da yawa da ɓoyayyen ɓarawo take zuwa, ga shi kuwa kalmar sirrinka za ka miƙa mata da hannunka.

Kada in yi muku tallan abin kamar ba shi da aibi. Wannan hanya tana da nata matsalolin. Na farko, kwafi biyu kan saɓa. Ka gyara kuskure a kan shafi ta waya, bayan mako ka sake turo tsohon fayil daga kwamfuta, gyaran ya shafe. Ka tsayar da ƙa'ida: gyara daga asali yake farawa, in kuwa dole ta sa ka gyara a shafi, ka koma ka gyara asalin a ranar. Na biyu, tun Disamban 2018 WordPress ya koma gina rubutu tubali-tubali, tsofaffin manhajoji kuwa ba su san wannan tsari ba, don haka adon shafi mai sarƙaƙiya sai ka ƙarasa shi a burauza. Na uku, kwafowa daga Word kai tsaye takan jawo tarkacen ado da ke ɓata shafi. Wajen mannawa a burauza ka haɗa Ctrl da Shift da V, rubutun zai shiga tsaf ba tarkace. Na huɗu, kuma mafi girma, kwamfuta ma tana mutuwa. Wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona ta, ruwa ya shiga, ko ɓarawo ya ɗauka. Saboda haka asalin ma yana bukatar 'yan'uwa: kwafi a filas ko faifan ajiya da ba ya kwana cikin jaka ɗaya da kwamfutar, da wani kwafin a imel ko Google Drive duk sanda aka samu data. Masu kwamfutar tebur da ba ta da batir, ku saba wa yatsunku da Ctrl da S bayan kowane sakin layi, don ɗauke wuta ba ta sallama.

Na san da yawa daga cikin masu sauraro, musamman 'yan'uwa mata marubuta littattafai, a waya suke rubutunsu kacokan, su tura WhatsApp ko Wattpad ko Facebook. Ƙa'idar ba ta sauya ba, Hajiya. Kada ki yi rubutun a cikin akwatin saƙo. Ki yi shi a manhajar rubutu da ke aiki ba data, ki ba kowane babi suna da lamba da kwanan wata, ki tura wa kanki kwafi ta imel, sannan ki kwafa ki sa a dandali. Allon madannai na Gboard yana da Hausa, in kika danne k kika ɗan riƙe za ki ga ƙ ta fito. Ajiyayyen fayil mai kwanan wata, da saƙon imel da kika tura wa kanki, suna kuma taimakawa ranar da wani ya kwashe labarinki ya sa sunansa.

Aikin gida na wannan mako guda biyu ne. Na ɗaya, ka buɗe folda ɗaya a kwamfuta ko waya, rubutu na gaba da za ka yi ka fara shi a cikinta. Na biyu, ka kwaso abin da ka riga ka wallafa. A WordPress, cikin sashen kayan aiki akwai wurin fitar da rubuce-rubuce a fayil guda, amma a lura hotuna ba sa cikinsa, adireshinsu kawai yake ɗauka, sai an sauke su daban. Masu Blogger su bi ta Google Takeout. Facebook ma yana da wurin sauke bayananka a cikin saiti. Ka zaɓi lokacin da data ke da sauƙi ko inda akwai Wi-Fi, ka sauke, sannan ka buɗe fayil ɗin ka tabbata rubutun yana ciki da ƙugiyoyinsa. Wanda ya gamu da cikas ya aiko mana da tambayarsa, za mu ɗauke ta a shiri na gaba da yardar Allah.

A nan za mu dasa aya.

[Kiɗan rufe shiri]